Jerin Masu Turaren Wuta

Shekara goma sha huɗu na yi ina aikin sakatare a wata lakwal, wato makarantar boko, mai zaman kanta a unguwar Kabalai da ke Injamena. A duk ayyukan biro, ofis ke nan, babu wanda nake so kamar fitar da klasman, wato jera yara daga na ɗaya zuwa na ƙarshe idan zango ya ƙare. In tara maki, in raba, in jera, in buga, in manna a allo, direkta ya ce madalla. Hannu ya saba, har ta kai idan na shiga kasuwa na ga masu tumatir a zaune sai zuciyata ta fara raba musu lamba. Mijina yakan ce da za a ba ni dama da na jera kajin unguwa, in fitar da zakaran da ya fi iya cara. Ina dariya a lokacin, don na ɗauka yabo ne.

Mu Hausawan Injamena ba mu da yawa, kuma a warwatse muke. A waje Larabci muke yi kamar kowa, Hausa sai an shiga gida an cire takalmi. Shi ya sa da waya ta zo muka buɗe guruf na mata, mu sittin da wani abu, don sanar da biki da suna da rasuwa. Uwar guruf ɗin ita ce Hajiya Babba, yayar mahaifin mijina. Gidansu tsohon gidan fatauci ne tun zamanin Nasara, kuma rabin matan da ke ciki ko dai surukanta ne, ko mazajensu na tsaron shagunan gidan, ko kuma ita ta tsaya musu a aurensu. Mace ce mai kirki, ban ce ba. Amma idan ta yi atishawa, sai an yi rige-rigen yi mata addu'a.

Kowa ya san turaren wutar Chadi ya yi suna. 'Yan'uwanmu na Kano da Maiduguri da Damagaram ba sa barin mu mu huta. Da an sa ranar biki sai waya: "Don Allah wa ta fi iya turare a garin nan naku?" Wannan ta faɗi suna, waccan ta faɗi wani. Wata rana aka haɗa wata 'yar'uwata ta Kano da wata mai turare, aka aika mata kwalabe shida na garin katako da aka fesa wa ɗan ƙamshi a sama. Ta kira ni tana faɗa kamar ni na haɗa. Raina ya ɓaci, na shiga guruf na rubuta: haba jama'a, har yaushe za mu riƙa jin kunya? Mu yi jeri ɗaya mu huta, duk wanda ya tambaya mu tura masa. Aka yi ta cewa gaskiya ne. Babu wadda ta aike ni, ni na ɗauko wa kaina.

Cikin masu turare na al'ummarmu akwai Goggo. Babu dangantakar jini tsakaninmu, aminiyar mahaifiyata ce, marigayiya. Kakanninta sun taso daga yamma a ƙasa za su Makka, guzuri ya ƙare musu a bakin kogin Shari, suka ce bari a ɗan huta, hutun da har yau jikokinsu ke yi. Tana zaune a ɗaki ɗaya a unguwar Butalbagar, a gidan dangin mijinta da ya rasu. Da turare take ci, da shi take sha. 'Yarta ɗaya ce, tana aure a unguwar Lamaji, can bayan gari, ta daɗe tana roƙonta ta dawo wurinta. Goggo ta ce sam. "Ni in zauna gidan suruki? In riƙa laɓewa in zan shiga bayi? Muddin hancina yana aiki, a ɗakina zan mutu." Ta faɗi haka a gabana ya fi sau goma.

Aikinta ba na gaggawa ba ne. Ita ke zuwa kasuwa da ƙafarta ta zaɓi itace, ta fasa shi da kanta. Farcen turare, wanda ake samowa daga teku, sai ta kankare shi ɗaya bayan ɗaya, ta wanke, ta gasa, don ta ce in aka bar masa ƙarni ko kaɗan to an ɓata tukunya. Ta jiƙa itacen a mai, ta rufe, ba za ta taɓa shi ba sai ya kwana arba'in. Bayan ta soya shi da sukari kuma ta sake rufewa. In kin zo mata da gaggawa za ta ce je ki gaba, masu sauri suna nan da yawa. Wayarta ƙarama ce mai madannai, ɗaure da roba, don haka ba ta cikin guruf ɗinmu. Yawancin masu sayen turarenta ma tsofaffi ne irinta.

Na rubuta sunaye tara, duk waɗanda na sani a cikinmu masu wannan sana'a. Na kafa doka irin ta biro: kowace ta rubuto uku da ta fi so, ta farko maki uku, ta biyu maki biyu, ta uku maki ɗaya. A rubuce, a cikin guruf, kowa yana gani, don kada a ce na yi coge. Wallahi a lokacin ina jin na fi kowa adalci a garin nan. Na tura da hantsin wata Juma'a.

Ko minti biyar ba a yi ba Hajiya Babba ta amsa. Ta sa matar ɗanta ta farko, wata yarinya mai hankali da ta fara turare shekara biyu kafin nan. Ta biyu ta sa wata ƙawar surukar, ta uku wata maƙwabciyarta. To daga nan fa. Inda saniyar gaba ta sha ruwa nan ta baya ke sha. Wace ce za ta fito a gaban mata sittin ta ce turaren surukar Hajiya bai kai ba? Amsoshi suka riƙa zubowa iri ɗaya, wasu ma ba su wahalar da kansu ba, suka rubuta "yadda Hajiya ta ce." Na san mata aƙalla biyar da ban taɓa ganin kwalbar surukar a ɗakinsu ba, amma suka sa ta a sama. Waɗanda suka zo daga baya kuma suka ga talatin sun riga sun faɗi abu ɗaya, suka ce ai talatin ba za su haɗu a kan ƙarya ba.

Ni fa? Kwana biyu ina juya waya a hannu. Turaren Goggo ne a ɗakina, shi aka kai ni gidan miji da shi. Amma Hajiya yayar surukina ce, kuma tana gani. Na sa surukarta ta farko, na sa Goggo ta uku, na ba ta maki ɗaya tal, na ce wa zuciyata ai na yi ƙoƙari. Akwai abin da ya fi wannan muni. Wasu dattawa biyu da ba su iya rubutu ba suka aiko da murya, kowace ta ce ita dai Goggo, ba ta san wata ba. Ban ƙirga su ba. Na ce doka ta ce a rubuce, kuma uku aka ce, ba ɗaya ba. Ni na kafa dokar, babu wanda zai hana ni sassauta ta, amma sakataren da ke cikina ta ƙi. Har yau in na tuna sai in ji kunya ta rufe ni.

Na tara maki, na jera, na buga shi a ordinata, wato kwamfutar biro, da layuka masu kyau da lambobi manya, na ɗauki hotonsa na tura. Surukar Hajiya ta ɗaya. Goggo ta tara, a can ƙasa. Na ga sunanta a wurin, sai na ce ai ba ta da babbar waya, ba za ta gani ba, kuma masu saye a wurinta sun san ta.

Tabɗi! Ban san hoto yana da ƙafa ba. Cikin mako ɗaya ya tsallaka kogi zuwa Kuseri, ya kai Maiduguri, ya kai Kano. Bayan wata biyu wata 'yar ƙanwar mahaifiyata a Damagaram ta turo mini shi, wai ga jerin da masana suka fitar, in yi hankali da ta ƙasan nan. Masana! Ni ce masanan, ni da tsoron Hajiya. Abin da ban hango ba shi ne, masu turare a Injamena sun fi a ƙirga, kuma duk wadda ba ta cikin jerin babu abin da ya same ta. Amma wadda aka rubuta ta tara cikin tara, mutane sun karanta ta a matsayin wadda ta fi kowa rashin iyawa a garin. Da na manta da sunanta gaba ɗaya, da na yi mata alheri.

Ban je Butalbagar ba sai bayan wata huɗu, ni da nake zuwa duk sati biyu. Na same ta a tsakar gida tana kankare farce. A bayanta ga manyan kwalabe biyar a jere, a cike, a rufe. Na gaishe ta, ta amsa kamar kullum, ta ɗora shayi. Na tambaye ta kwalaben nan na wa ne.

"Na wata amarya ne," ta ce. "Uwarta ta zo tun kafin azumi. Na jiƙa, na soya. Saura kwana shida in buɗe ta aiko wai dangin ango sun ce ba sa son nawa."

Na ɗauke idona daga kwalaben.

"An ce an yi mana jarrabawa, 'yar nan," ta ce, ba ta ɗago ba. "Ni ban ga wadda ta zo ta shinshina ba. An ce na zo ta ƙarshe."

"Goggo, ba haka ba ne. Ra'ayin mutane ne kawai aka tara."

"To. Allah ya sa mu dace. Sha shayinki kada ya huce."

Ba ta ce ni na yi ba, ba ta tambayi wa ya yi ba. Na sayi kwalba ɗaya daga cikin biyar ɗin, ta karɓi kuɗin, ta naɗe mini ita a tsohuwar jarida. A kan kalando, wato ɗan acaɓan garinmu, na yi ta kuka har mai mashin ya tambaye ni ko rasuwa aka yi.

Sai dai kuka daban, gyara daban. Ban gyara komai ba. A wajen wani suna 'yar Goggo ta tare ni a bakin ƙofa, ta fara da Hausa, da rai ya ɓaci ta koma Larabci. Ta ce shekara arba'in uwarta tana wannan aiki, na zo da takarda ɗaya na rushe. Ni kuma ba a taɓa ni in yi shiru. Na ɗaga murya na ce ni na zaɓa? Mata sittin ne suka zaɓa, ni tarawa kawai na yi, lamba ba ta ƙarya! Na faɗe shi da ƙarfi don na san ba ni da gaskiya. Ta kalle ni ta ce, "Halas, shi ke nan. Uwarki ce ta haɗa ki da ita, ke kika raba." Ta juya ta tafi. Na shiga na ci shinkafar sunan, ban ji ɗanɗanonta ba.

Ita ma surukar Hajiya jerin bai yi mata adalci ba. Aiki ya yi mata yawa fiye da ƙarfinta. Mai jiƙa itace kwana ashirin ta koma kwana uku, daga baya ta fara sayo haɗaɗɗe a kasuwa tana ƙara masa turare tana zubawa a kwalabenta. Ita da kanta ta gaya mini, tana cewa ba ta san yadda za ta ce wa mutane a'a ba. Amma ciniki bai ragu ba. Mai saye a Kano ba ta taɓa jin na wata ba, an ce mata wannan ce ta ɗaya, don haka in ta turara ta ji wani iri sai ta zargi hancinta. Ita kuma ta gaya wa wata. Haka ta ɗaya ta ci gaba da zama ta ɗaya saboda an ce ita ce ta ɗaya.

Shekara ta zagayo, tsofaffin masu sayen turaren Goggo wasu suka rasu, wasu 'ya'yansu masu manyan wayoyi suka karɓi ragamar bukukuwa. Bayan babbar Salla na ji labari a bakin wata maƙwabciyarta cewa an zo da mota an kwashe ta zuwa Lamaji, gidan surukin da ta rantse ba za ta zauna ba. Ranar ban iya cin abinci ba. Na ce wa mijina ni na kai ta can, kuma ni zan dawo da ita. Ya ce ta yaya? Na ce da jeri na kore ta, da jeri zan dawo da ita, amma wannan karon na gaskiya. Ya ce, "Ke dai ba kya ji." Ban saurare shi ba.

Gwajin farko abin dariya ne. Na nemo turare tara, na Goggo daga kwalbar da na saya, na zuba a kasake tara ba suna, na tara mata goma sha biyar a tsakar gidana, muka kunna gaba ɗaya. Wai! Hayaƙi ya turnuƙe, muka yi ta tari, wata mai ciki ta fita da gudu. Daga kasko na uku hancin kowa ya mutu. Wanda ya fi ƙarfi, mai hawa kai, shi kowa ta nuna, kuma da ɗaya ta nuna sai saura su bi. Ashe ko an cire suna, in ana ganin juna ba a tsira ba.

Maƙwabciyata, wata dattijuwa Balarabiya da ta leƙo ta katanga don ta ga ko gobara ce, ita ta yi mini gyara. Ta ce, "Ke 'yar boko, wa ya ce miki a kasko ake gane turare? Kowane turare jarumi ne a kan garwashi. A jikin lafaya ake gane shi, bayan kwana uku." Na ji haushin "'yar boko," amma na haɗiye, don ta fi ni sani.

Muka sake shiri, ita ce shugaba. Na sayo farin yadi na yanka gida tara daidai wa daida. Ta turara kowane ƙyalle a kan kabbasa, kwandon nan da ake kifawa a kan kasko, a gidanta, ɗaya da safe ɗaya da yamma don kada ƙamshi ya haɗu, ta ɗaura wa kowanne zare mai launi daban. Ita kaɗai ta san wane zare na wace, ni ma ban sani ba. Kowanne aka sa shi a kwano mai murfi ya kwana uku. Ranar gwaji muka jera su a ɗakin baƙi, kowanne da ƙwarya a rufe a gabansa, an huda murfin. Mace ɗaya za ta shiga ita kaɗai, ta shinshina uku, ta fito ta sha iska, ta koma, in ta gama ta jefa ƙwallon dabino ɗaya a ƙwaryar da ta fi so. Babu rubutu, don haka dattawan nan biyu masu aiko da murya su na fara gayyata. Mata ashirin da huɗu suka zo, muka wuni ana yi.

Tun kafin wannan gwaji ɗaya daga cikin taran farko ta bar gari, sai aka sami gurbi. Wata yarinya da ta zo daga Damagaram da mijinta direba, ba ta fi wata biyar da fara turare ba, ta ji labari ta zo har gida da 'yar kwalbarta a ɗaure a gefen mayafi. Ta ce da irin Hausarsu, don Allah Yaya in sa nata, ko wani ya san tana yi. Na ce to, kawo. Ban ma zaunar da ita ba, hankalina yana kan Goggo.

Hajiya Babba ma ta zo, don ban isa in ƙi gayyatarta ba. Ta daɗe a ɗakin fiye da kowa. Da ta fito, duk da an ce kada a yi magana, ta ce, "Mai shuɗin zaren nan, wallahi sak turaren da aka kai ni ɗakin Alhaji da shi. Na wace ce?" Allah ya taimake ni ita ce ta kusa ƙarshe, saura mutum biyu, ba ta sake ja mini garken ba.

Da la'asar muka buɗe ƙore. Mai shuɗin zare ƙwallo goma sha uku. Na biye da shi ƙwallo huɗu. Maƙwabciyata ta fara faɗin sunaye, ta ce shuɗi na Goggo ne. Surukar Hajiya ta zo ta shida, ta sunkuyar da kai. Ni kuma jinina ya hau, na manta da wa nake magana, na ce, "Hajiya, kin gani? Da ba ki fara sa surukarki ba, da yanzu tsohuwar nan tana ɗakinta."

Ta dube ni tsaf. Ta ce, "'Yata, kin tambaye ni a gaban jama'a, da sunan matar ɗana a rubuce. Me kike so in ce? In kunyata ta? Ni ban ce wa kowa ta bi ni ba. Ke da kanki wa kika sa a sama?"

Na so in ɗora mata laifin in huta, ta mayar mini da kayana.

Duk da haka murna ta fi ƙarfin kunyar. Washegari da safe na shiga biro kafin kowa, na buga sabon jeri, ɗaya zuwa tara, da bayanin yadda aka yi gwajin a ƙasa don kada wani ya yi musu. Na kalli sunan Goggo a sama na ji kamar an sauke mini dutse. Na tura a guruf, na ce a yaɗa shi duk inda na farko ya je. Na nemi izini wajen direkta, na tare kalando, na ce Lamaji.

Gidan yana can ƙarshen gine-gine, inda sababbin katangu ke haɗuwa da gonaki. 'Yarta ce ta buɗe mini, ta amsa gaisuwata a taƙaice, ta nuna mini bayan gida da baki. Na sami Goggo a inuwar wani ɗan ɗaki da aka yi don ajiyar buhuna, a kan tabarma, tana yanka kuɓewa don shanya. Ta rame. Lulluɓe take ruf da tsakar rana, a cikin gida, don surukin yana nan bai fita ba. Daga baya 'yarta ta gaya mini ba ta cin abinci sai ya bar gidan, ko da zai kai azahar.

Na durƙusa na gaishe ta. Ban iya jira ba, na ciro waya na ce, "Goggo, albishirinki. An sake gwaji, na gaskiya, ba suna, ba ganin ido. Ke kika zo ta ɗaya. Har Hajiya Babba naki ta zaɓa." Na ba ta labarin ƙyallaye da zare da ƙwallon dabino, ina magana kamar ana kora ta. Na ce yanzu aiki zai dawo, za ta koma ɗakinta, ni zan kai ta da kaina.

Ta saurare ni har na gama, wuƙar ba ta tsaya ba. Ta ce dabarar ƙyallen ta yi, wadda ta koya mini ta san turare. Sannan ta ce, "Wane ɗaki? Ɗan ƙanin mijina ya sa amaryarsa a ciki. Tukunyar suyar na bayar, sauran itacen na rabar. In fara daga ina, da wannan bayan nawa? Bar shi, 'yar nan. Abin da ya wuce ya wuce."

Na ce ta yafe mini. Na faɗa mata komai, maki ɗayan da na ba ta, da muryoyi biyun da na ƙi ƙirgawa. Ta ce ta sani tun tuni, kuma ta yafe tun tuni, albarkacin mahaifiyata. Na so a ce ta zage ni, da ya fi mini sauƙi.

Ta ture kuɓewar da ta yanka gefe, ta jawo wata. Sai ta ce, "To wannan karon wa ta zo ta ƙarshe?"

Na duba wayar kamar ban sani ba. Na ce wata yarinya ce 'yar Damagaram, sabuwa ce, ba ta sami ko ƙwallo ɗaya ba.

"Kin rubuta sunanta?"

"Na rubuta."

"Kin aika?"

Na ce tun da safe.

A nan ne ta ajiye wuƙar, ta ɗago ta kalle ni, karo na farko tun da na zauna. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Tashi ki je gidanta yanzu, ki gaya mata da bakinki. Ni a wajen mai gawayi na ji nawa."

Na tashi ko sallama ban yi daidai ba. A bakin hanya, ina jiran kalando, na goge hoton daga guruf. Mata arba'in da ɗaya sun riga sun gani, kuma ni na ce su yaɗa. Sai da na kira mutum uku kafin na sami kwatancen gidan yarinyar, don ranar da ta zo ban tambaye ta inda take ba. Na isa gab da la'asar. Tana zaune a ƙofar ɗakinta da goyo a baya, wayarta a kan cinya, an riga an turo mata. Ta miƙe ta shimfiɗa mini tabarma, ta ce, "Sannu da zuwa, Yaya. Na gani."